Taɓa Wuya Kafin Allura: Tarihin Ciwon Barci da Maganinsa a Arewa

A shekara ta 775 bayan Hijira, wadda ta faɗo tsakanin 1373 da 1374, Sarkin Mali Mari Jata na Biyu ya rasu bayan jinyar shekara biyu. Ibn Khaldun, wanda ya ji labarin daga bakin wani alƙali da ya zauna a ƙasar, ya rubuta cewa cutar barci ce ta yi ajalinsa. A bayaninsa, barci yakan ɗauke mai cutar a kowane lokaci, ya yi ta ƙaruwa har farkawa ta zama kaɗan, daga nan sai mutuwa, kuma mutanen yankin sun saba ganin irinta. Masana tarihin likitanci suna lissafa wannan cikin bayanai mafi daɗewa da aka rubuta game da abin da Bahaushe ke kira ciwon barci. Sarkin da ya taɓa aika raƙumin dawa kyauta zuwa fadar Fas, ƙuda ne ya kayar da shi, amma sai da aka shafe fiye da shekara 500 kafin a gane hakan.

Yawancin likitocin da ke aiki a Jihar Sakkwato a yau a littafi suka san wannan ciwo. Koken da ake kai wa ma'aikacin lafiya a Tambuwal ko Kebbe akasin na Sarkin Mali ne: magidancin da ke kwana yana juyi har kiran assalatu, matar da barci ya ƙaurace wa tun da ta haihu, direban da minsharinsa ke cika gida da dare amma gyangyaɗi bai ƙyale shi a kan hanyar Jega ba. Duk da haka tarihin tsohon ciwon ya cancanci waiwaye, domin shi ne lokacin da hukuma ta ɗauki wata matsalar barci da muhimmanci har ta bi mutane ƙauye-ƙauye tana duba su. Ƙa'idar da aka gina aikin a kanta ita ce a gano cutar kafin a ba da magani, kuma wannan ƙa'ida ce ta ɓace a yadda ake tunkarar matsalolin barci na yanzu.

Ƙuda, rafi da kaluluwa

A 1803, shekara guda kafin hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, wani likitan Ingila da ya yi aiki a Saliyo, Thomas Winterbottom, ya wallafa cewa masu ciwon sukan yi kaluluwa a bayan wuya tun kafin barcin ya bayyana. Fataken bayi sun riga shi sani. Sukan shafa wuyan wanda za su saya, in sun ji kumburin su fasa ciniki. Har yau littattafan likitanci da sunan Winterbottom suke kiran alamar, ko da yake kasuwar bayi ce ta fara amfani da ita.

Sanadin cutar kuwa sai a ƙarshen ƙarnin ya fara fitowa. A 1895 David Bruce ya nuna a ƙasar Zulu cewa wata ƙwayar halitta da ke iyo a cikin jini ce ke kashe shanu, kuma ƙudan tsando ne ke ɗaukar ta. Makiyayan Arewa sun daɗe da sanin wannan cuta ta dabbobi da sunan sammore. A 1901 aka ga irin ƙwayar a jinin wani matuƙin jirgin ruwa a Kogin Gambiya. A 1903, shekarar da dakarun Turawa suka shiga Sakkwato, aka tabbatar a Yuganda cewa ana samun ta a ruwan laka na masu ciwon barci, kuma tsando ne ke kai ta daga mutum zuwa mutum. A lokacin annoba na cin gaɓar Tafkin Biktoriya, inda aka ƙiyasta ta hallaka mutum wajen 250,000.

Tsandon da ke ɗaukar cutar ɗan Adam a Najeriya mazaunin kurmin rafi ne. Yana buƙatar inuwa da laima, saboda haka da rani yakan tattaru a ƴan wuraren da ruwa ya rage, wato daidai inda mata ke ɗiban ruwa da wanki, inda masunta ke aiki, inda matafiya ke ƙetarewa. Wanda ya ciza yakan fara da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, da ciwon kai da kaluluwa, abin da ba shi da bambanci da zazzaɓin cizon sauro a idon mai kallo. Haka zai yi watanni, wani lokaci shekaru, yana noma yana cin kasuwa, ƙuda na ɗibar cutar daga jininsa. Sai ƙwayar ta ratsa zuwa ƙwaƙwalwa sannan halinsa ya canza, tafiyarsa ta rikice, barcinsa ya watse.

Sunan ciwon ma yana da ɗan ruɗi. Alain Buguet, likitan Faransa da ya yi aiki a Yamai a shekarun 1980, shi da abokan aikinsa sun riƙa auna barcin marasa lafiya da na'ura dare da rana. Abin da suka gano shi ne jimillar barcin mai ciwon ba ta wuce ta mai lafiya da yawa ba. Tsarinsa ne ke rushewa: ya farfashe gutsi-gutsi, ya bazu cikin sa'o'i 24, mutum ya yi ta gyangyaɗi da rana, da dare kuma idonsa biyu. A 2018 wani bincike da aka yi a kan ɓeraye ya nuna cewa ƙwayar tana taɓa agogon jiki kansa, tana gajarta zagayensa. Ashe rashin barcin dare yana cikin alamomin ciwon barci.

Lokacin da ganuwa ta daina amfani

A ƙarni na 19 tsaro ne ke yanke inda mutum zai kwana. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ƙarfafa kafa ribaɗi a bakin iyakoki, kuma a irin wannan tsari ne ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna a Tambuwal, yana fuskantar Kabawa. Garin ribaɗi yakan tara jama'a wuri guda, gonaki su kewaye shi, a sare itatuwan kusa don girki da gini da kuma hangen abokan gaba. Ba don tsando aka yi haka ba, amma sakamakonsa shi ne fili mai faɗi tsakanin mutane da kurmi. John Ford, a littafinsa na 1971 kan wannan cuta da muhallin Afirka, ya kafa hujja cewa al'ummomi da dama sun rayu da cutar cikin wani irin daidaito da suka gina da tsarin zamansu, kuma mamayar Turawa ce ta wargaza shi.

A Arewa wargajewar ta zo ta hanyoyin da a ido alheri ne. Da yaƙi da kamun bayi suka ƙare, mutane suka fita daga ganuwa, wasu suka sauko daga duwatsu, suka kafa ƴan ƙauyuka a bakin rafuka inda ƙasa ke da albarka. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Haƙar kuza a Jos da kewayenta ta tara dubban leburori daga larduna daban-daban, waɗansu sansanonin a cikin kurmin da tsando ya yi katutu. Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal zuwa Jega da Yawuri da Kwantagora ta zama ɗaya daga manyan hanyoyin masu cin rani, waɗanda ke barin busasshiyar ƙasarsu bayan girbi su nufi kudu, su ƙetare rafi bayan rafi, su dawo da faɗuwar damina. Mutumin da ke ɗauke da cutar a jininsa ba tare da ya kwanta ba yana iya kai ta tafiyar kwana talatin.

Zuwa ƙarshen shekarun 1920 annoba ta kankama, nauyinta kuma ya fi faɗawa kan ƙasar Zazzau, kudancin Kano da Katsina, Bauci, Filato da Binuwai. Gwamnati ta riga ta fara binciken tsando tun 1921, aikin da ya zauna a Sherifuri ta ƙasar Katagum kafin ya koma Gadau. Daga nan ne aka gina hukumar yaƙi da ciwon barci a ƙarƙashin Dokta H. M. O. Lester.

Yadda ayarinta ke aiki abin lura ne. Akan sanar da hakimi, shi kuma ya umarci dagatai da masu unguwanni su tara kowa da kowa. Ma'aikata ƴan ƙasa da aka horar sukan bi layi suna shafa wuyan mutane ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka ji masa kaluluwa a ware shi, a soka allura a cikinta, a ɗiga ruwan a kan gilashi, a duba da madubin likita a nan take a gindin bishiya. Sai an ga ƙwayar tana motsi sannan a rubuta sunansa cikin masu karɓar magani. Tsakanin 1931 da 1940 an yi irin wannan dubawa fiye da sau miliyan 3, aka sami masu cutar kusan 400,000. Da wuya a sami wani aikin lafiya na zamanin da ya shiga lungunan Arewa kamar wannan.

Dalilin tsananta bincike a bayyane yake, domin maganin kansa abin tsoro ne. Atoxyl, wanda Robert Koch ya gwada a tsibiran Tafkin Biktoriya a 1906 da 1907, ya makantar da wasu daga cikin waɗanda aka yi wa. A Najeriya an dogara ne da Bayer 205 na Jamus, wanda Ingila ta yi irinsa da sunan Antrypol, sai kuma tryparsamide, wanda Louise Pearce ta gwada a Kwango a 1920. Na biyun yana isa ƙwaƙwalwa, amma asalinsa gubar asenik ce, kuma shi ma yana iya lalata jijiyar gani. Magani ne na jerin allurai da ke ɗaukar makonni. Likitan da ke riƙe da irin wannan ba ya yi wa mutum shi don kawai an ce yana yawan barci.

Takalafiya

Allura kaɗai ba ta isa ba, domin wanda aka warkar yana komawa rafin da ya kamu. A gundumar Anchau ta ƙasar Zazzau, wadda yanzu take Ƙaramar Hukumar Kubau a Jihar Kaduna, binciken tsakiyar shekarun 1930 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da cutar. Tsohon garin Anchau yana da ganuwa, amma ganuwar ba ta tsare shi ba, saboda fadama da kurmi suna cikin garin, tsando na cizon mutane a ƙofar gida.

A 1937, shekarar da aka kafa dokar ciwon barci kuma Malam Ja'afaru ya hau gadon sarautar Zazzau, aka fara aikin Anchau da kuɗin da Landan ta bayar, fam 95,000. Wanda ya jagorance shi a fili masanin ƙwari ne, T. A. M. Nash. Lissafinsa mai sauƙi ne: tsandon rafi ba ya rayuwa in an sare ƙananan itatuwa da sarƙaƙiyar da ke ba shi inuwa, amma saran sai an maimaita shi kowace shekara, kuma hakan ba ya yiwuwa sai akwai hannaye, wajen mutum 70 a kowace murabba'in mil. Saboda haka aka shata wani zirin ƙasa mai tsawon mil 70 da faɗin kamar mil 10, aka share ɗaruruwan mil na bakin rafi, aka taso mutum wajen 5,000 daga ƙauyukan da suka yi nisa aka zaunar da su a ciki. Aka rage cunkoson tsohon gari, aka gina sabo kusa da shi mai faɗaɗɗun tituna da rijiyoyin siminti da tazara tsakanin gidaje saboda gobara. Aka sa masa suna Takalafiya, sunan da yake amsawa har yau.

Cutar ta ja baya ƙwarai, kuma rahoton Nash na 1948 ya zama abin misali a ƙasashen da Ingila ke mulka. Sai dai akwai wani rahoton da ba a cika ambata ba. Horace Miner, masanin al'adu daga Jami'ar Mishigan ta Amurka, ya je yankin a ƙarshen shekarun 1950, ya wallafa abin da ya gani a 1960. Ya tarar bayan shekara ashirin ana saran rafi, akasarin mutane ba su yarda akwai alaƙa tsakanin ƙudan da ciwon ba. Suna fita aikin ne saboda umarni ne daga sama, inda matsin ya sassauta kuma aikin yakan sassauta. Wasu kurmukan ma wuraren iskoki ne a wajensu, saransu ba ƙaramin abu ba ne. Hukuma ta iya gano cuta, ta iya tilasta magani, amma ba ta shawo kan zukata ba. Wannan rauni ne na gaske, kuma bai kamata sha'awar tsarin aikin ta rufe shi ba: mutanen da aka tasa daga gonakin kakanninsu ba shawararsu aka nema ba.

Sauran labarin gajere ne. An kafa cibiyar binciken cutar ta Afirka ta Yamma a Kaduna da Vom a 1947, ta koma hannun Najeriya a 1964. Melarsoprol ya fito a 1949, yana warkar da wanda cutar ta kai wa ƙwaƙwalwa, yana kuma kashe wajen mutum ɗaya cikin ashirin da aka yi wa. Yawan jama'a da faɗaɗar noma suka cinye kurmin da ya rage a Arewa, abin da ya saura na cutar a Najeriya ya koma ƴan wurare irin su Abraka a Jihar Delta. A 2018 masu cutar da aka ba da rahoto a duniya baki ɗaya ba su kai 1,000 ba, kuma tun 2019 akwai fexinidazole, ƙwayar haɗiya ta kwana goma.

Ɗaya ƙwayar ta 1903

A shekarar nan ta 1903 dai, wasu masana biyu a Jamus, Emil Fischer da Joseph von Mering, sun bayyana wani sinadari mai sa barci, wanda aka sayar da sunan Veronal. Shi ne farkon dangin magungunan da suka mamaye rabin ƙarni, masu sa jaraba, masu kisa in an ɗan zarce. A 1963 kamfanin Roche ya fito da Valium, wato diazepam, wanda ya fi su aminci nesa ba kusa ba, kuma amincin nan ne ya sa aka saki jiki da shi. Yau a garuruwan Arewa ana kiransa D5, kuma duk da doka ta ce sai da takardar likita, samunsa ba wuya. Wanda bai same shi ba yakan koma ga Piriton, maganin mura da ƙaiƙayi da ke kashe jiki. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum wajen 481,000 na shan magungunan kwantar da hankali da sa barci ba bisa umarnin likita ba, wasu miliyan 2.4 kuma maganin tari irin mai kodin, wanda gwamnati ta hana shigo da shi da sarrafa shi a watan Mayun shekarar.

Diazepam yana da amfaninsa, amma na ɗan lokaci ne, mako biyu zuwa huɗu in ya yi yawa. Bayan haka jiki yakan saba, ƙwaya ɗaya ta koma biyu, ranar da aka daina kuma rashin barcin ya dawo fiye da da, mai shi ya ɗauka cutarsa ce ta tsananta alhali janyewar maganin ce. Wanda ya daɗe a kansa ba a yanke masa shi rana ɗaya, saboda yana iya jawo jijjiga. A hankali likita ke rage shi. Ga tsofaffi yana kawo faɗuwa da ruɗewa. In ya haɗu da taramol ko kodin yana iya danne numfashi. Babban aibinsa a nan shi ne ana miƙa shi a kan koke ɗaya, alhali koken na ɓoye cututtuka daban-daban.

Wani ma ba shi da cuta ko kaɗan. Masanin tarihi Roger Ekirch ya nuna a littafinsa na 2005 cewa kafin fitilar zamani Turawa da yawa kashi biyu suke barcin dare, da farkawar sa'a guda a tsakani, ya kuma kawo shaidar Paul Bohannan ta 1953 cewa Tibi na Binuwai suna da barcin farko da na biyu a lissafin lokacinsu. Ƙasar Hausa ba ta buƙatar a koya mata wannan. Kwanciya bayan lisha, tashin dare don nafila, sallar asuba, ƙailula da rana tsaka: tsari ne da ya girmi agogon ofis. Ma'aikacin da ya farka ƙarfe uku na dare ya firgita don bai cika sa'a takwas a jere ba, firgitar ce ke hana shi komawa. Ma'aunin likita shi ne ko abin na faruwa aƙalla dare uku a mako har wata uku, kuma yana lalata masa yini. Wajen mutum ɗaya cikin goma na manya ne ke kai wannan matsayi.

Ga waɗannan ma tambaya ce ta fara zuwa. Goro nawa ake ci bayan la'asar, kofin shayi nawa ake sha a teburin mai shayi da dare, tun da rabin sinadarin da ke cikinsu yana nan a jini bayan sa'a biyar? Fitsari ne ke tayar da mutum, wanda kan iya zama ciwon suga ko kumburin mafitsara ga dattijo? Tari ne, ko ciwon gaɓoɓi, ko zafin bazara da ke haura digiri 40 a Sakkwato? Farkawa da sassafe tare da ƙuncin rai da yanke ƙauna alama ce ta ciwon damuwa, wanda ke da nasa magani. Macen da ke jin ƙafafunta na tsuma da dare, sai ta motsa su take samun sauƙi, musamman mai juna biyu, abin da ya kamata a duba mata shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. Karl Ekbom na Suwidin ya fayyace wannan ciwo tun 1945, kuma sau da yawa maganin ƙarin jini ke kawar da shi, Piriton kuwa ƙara shi yake yi.

In an kawar da waɗannan, maganin da ya fi inganci ba ƙwaya ba ne. Richard Bootzin a 1972 da Arthur Spielman a 1987 sun aza harsashin wata hanya ta gyaran ɗabi'a, wadda ƙungiyar likitocin Amurka ta ayyana a 2016 a matsayin matakin farko ga mai daɗaɗɗen rashin barci. Mai jinya zai tsayar da lokacin tashi ɗaya kullum, ko ya yi barci ko bai yi ba. Ba zai hau gado ba sai barci ya zo, in kuma ya kwanta ya ƙi zuwa zai tashi ya zauna har ya dawo. Za a rage masa sa'o'in kwanciya su yi daidai da barcin da yake samu, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, a gajarta ƙailula. Zama huɗu zuwa takwas ne, ba ya buƙatar lantarki ko na'ura, kuma amfaninsa kan daɗe bayan an gama. Tsayayyen lokacin tashi yana cikin abubuwan da kan ba masu jinya wuya. A Tambuwal ladan ya riga ya ɗauke wannan nauyi.

Dannau kuwa, wanda kowane gida ke da labarinsa, bayaninsa ya samu ne bayan 1953, lokacin da Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka gano a Shikago cewa akwai wani sashe na barci da idanu ke yawo a ƙarƙashin fatarsu, wanda a cikinsa ake yawan mafarki. A wannan sashe ƙwaƙwalwa takan kashe gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake mafarki. In hankali ya farka kafin gaɓoɓin su saku, sai mutum ya ji an danne masa ƙirji, ya kasa motsi ko kira, wani lokaci ya ga siffa a bakin ƙofa. Daƙiƙoƙi ne ko ƴan mintoci, ba ya kisa. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike da dama ya nuna wajen kashi 8 cikin 100 na jama'a sun taɓa fuskantarsa, a tsakanin ɗalibai kuwa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙarancin barci da kwanciyar rigingine na jawo shi. Addu'ar kwanciya da ke kwantar wa mutum hankali ba ta cin karo da wannan bayani, domin tsoron kwanciya na cikin abin da ke maimaita shi. Inda ake buƙatar likita shi ne in dannau ya haɗu da barcin da ke kwashe mutum da rana ba shiri, ko gwiwoyinsa su saki in ya yi dariya. Wannan wata cuta ce ta ƙwaƙwalwa da aka sa wa suna tun 1880, kuma tana da magani.

Akwai kuma rashin barcin da babu asibitin da zai warkar. Kebbe na iyaka da Zamfara, kuma a ƴan shekarun nan ƙauyukanta sun sha hare-haren ƴan bindiga. Mutumin da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, ko yake gadin unguwa har asuba, jikinsa na yin abin da ya dace da halin da yake ciki ne. Ba shi diazepam na iya zama ba shi abin da zai hana shi jin tahowar babura. Wanda ya tsira daga hari ko garkuwa kuma mafarkin abin ke tayar da shi watanni bayan haka, nasa ciwo ne da ake jinya, kuma irin aikin Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ne. Sai dai Kware na arewa da birnin Sakkwato, daga Kebbe tafiya ce ta sa'o'i da kuɗin mota mai nauyi.

Wanda ƙwayar barci ta fi yi wa illa shi ne direban nan mai minshari. A 1965 masu bincike a Faransa da Jamus suka nuna cewa wasu mutane maƙogwaronsu kan rufe in sun yi barci, numfashi ya tsaya daƙiƙa goma ko fiye, ƙwaƙwalwa ta farkar da su su ja iska da ƙarfi, su koma, sau da dama a kowace sa'a, ba tare da sun sani ba. Da safe su tashi da ciwon kai da gajiya, su ce ba su sami barci ba. Cutar na tafe da hawan jinin da ba ya jin magani, da haɗarin shanyewar ɓarin jiki, da haɗarin mota. Bahaushe na ɗaukar minshari abin barkwanci, ko ma shaidar barci mai nauyi, shi ya sa ba a kai shi asibiti. Maganin sa barci kuwa yana ƙara sakin naman maƙogwaro, yana kuma jinkirta farkawar da ke ceton mai shi. A 1981 Colin Sullivan ya ƙera a Sidni ta Ostireliya na'urar da ke hura iska ta hanci ta riƙe maƙogwaro a buɗe, kuma har yau ita ce babban magani. Tana son lantarki dare ɗungurungum, gwajin tabbatar da cutar kuma ƙalilan ne daga manyan asibitocin ƙasar ke yin sa. Rage ƙiba, kwanciya a gefe da barin magungunan sa maye suna taimakawa kafin a kai can.

Zaƙulo wanda ya kamata a tura bai buƙatar ko ɗaya daga wannan. A 2008 likitoci a Toronto suka fito da tambayoyi takwas da ma'aikacin ƙaramin asibiti zai iya gamawa cikin minti biyar: ko mutum na minshari mai ƙarfi, ko yana yini a gajiye, ko wani ya taɓa ganin numfashinsa ya tsaya, ko yana da hawan jini, ko ƙibarsa ta yi yawa, ko ya haura shekara 50, ko namiji ne. Ta uku matar gida ce ke da amsarta, saboda haka sai an kira ta ciki. Cikon ta takwas da tef ɗin tela ake yin ta: a zagaya wuyan mutum, a ga ko ya wuce santimita 40. Wanda ya amsa uku daga cikin takwas, a rubuta masa takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kada a sallame shi da D5.